Miyar Naman Sa Ta Turawan Ingila Mai Curin Fulawa: Me Ya Sa Tawa Ta Ƙi Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Manchester. Yarana sun ci wata miyar naman sa mai kauri a makaranta, irin ta Turawan Ingila, wadda ake yi da naman kaza, tsiron nan mai kan lema, ga wasu curin fulawa masu laushi a samanta. Sun dame ni sai na yi musu. Na gwada, naman ya yi tauri, romon ya yi tsululu, curin kuma ya danƙare ba ya tauno. Ga shi kusan duk inda na duba yadda ake yin ta sai na ga ana zuba giya. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun daga yadda kika kwatanta naman na zargi abin da ya faru. Kin tafasa shi da albasa da kayan ƙamshi, kin tsame kin soya, sannan kika mayar da shi cikin romo, yadda muka taso muka ga ana yi a gida. Hanyar ba ta da laifi ga miyar tumatir da za a ci da shinkafa, don can so ake yanka ya tsaya da ƙarfinsa a hannu. Wannan girkin kuwa a juye yake. Ɗanyen nama ake soyawa a wuta mai ƙarfi na 'yan mintuna, sannan a bar shi cikin ruwa kaɗan a wuta ƙasa-ƙasa har awanni. Cikin abubuwa ukun da suka ɓaci a tukunyarki, naman dai wuta ce ta ɓata shi.

Amma fara daga wurin mahauci, don naman da bai dace ba ko awa goma ya yi a wuta ba zai ba ki abin da kike so ba. Kada ki sayi tsoka zalla mai kyan gani, irin ta cinya. Nemi kafaɗa, ko ƙwauri, ko ƙirji, ko kumatu idan akwai, naman da za ki ga farar jijiya da zanen kitse sun ratsa shi. Ni ƙwauri na fi so, sai dai ya fi kafaɗa cin lokaci. Ki ce a ba ki guda ɗaya babba, ki yanka da kanki a gida, kowane yanka santimita 4 zuwa 5. Wanda ake sayarwa a yayyanke cikin roba sau da yawa gauraye ne na sassa daban-daban, wani ya narke wani na nan da taurinsa.

Dalilin jijiyar shi ne wani sinadari da ake kira kolajin. Idan ya daɗe a zafin da ya haura digiri 70, sai ya narke ya koma danƙo. Shi ne abin da ke sa farfesun ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Danƙon nan ne ke sa naman ya yi luguf a baki, shi ne kuma ke ba romo jiki. Ita tsoka akasin haka take yi: tana jin zafi sai ta takure ta matse ruwanta waje. To ki lura da wannan da kyau, don nan ake yawan faɗuwa. Bayan kamar awa ɗaya a wuta naman yana kan ganiyar taurinsa, tsoka ta takure, jijiya ba ta narke ba tukuna. Mai girki ta ɗanɗana ta ji tauri, sai ta ƙara wuta, tukunya ta hau ɓararraka, tsokar ta ƙara bushewa. Abin da yake nema a lokacin shi ne a ƙyale shi wata awa ɗaya da rabi. Kanwa ma ba ta da wuri a nan, za ta ɓata miki ɗanɗano da launi.

Ga ma'aunin da zai ishi mutum shida: nama kilo 1, manyan albasa 2, karas 3, sandar seleri 2, tafarnuwa sala 3, naman kaza giram 400, fulawa babban cokali 2 cike, tumatirin gwangwani mai kauri babban cokali 2, romon ƙashi mililita 800, ganyen bey 2, tayim, masoro, gishiri da man girki.

Tsane naman da takardar kicin sosai har ya bushe. Jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, dahuwa yake yi. Barbaɗa gishiri, ɗora tukunya mai nauyin gindi, zuba mai babban cokali 2, bari ya yi zafi sosai. Ki jera naman da tazara tsakaninsu, kashi uku za ki raba kilo ɗin nan. Da kin sa, cire hannunki. Minti 3 zuwa 4 kada ki taɓa. Da farko zai manne, idan ya soyu da kansa zai saki tukunyar, ki juya ki ga gefen ya yi ja mai duhu. Idan kika juye shi duka lokaci guda, zafin tukunyar zai faɗi, wani ruwa toka-toka ya fito yana kumfa, ƙarni ya tashi, shi ke nan kin koma tafasawa. Gefe biyu ya isa, ba sai kin bi kowane lungu ba. Wasu na cewa suyar don a toshe ruwan naman a ciki ne. Ba haka ba ne, ba ta toshe komai. Don ɗanɗano ake yi. A zafin da ya kai wajen digiri 140 sinadaran nama ke haɗuwa su ba da wannan launi da ƙamshin, abin da wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya fara bayaninsa a 1912. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100, shi ya sa tafasa ba za ta taɓa kai ki can ba.

Bayan kin kwashe naman za ki ga ɗan ƙanzo ja a gindin tukunya. Kada ki wanke, kada ki canza tukunya, rabin daɗin miyar yana nan. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, to wannan kam ya ƙone, goge shi, in ba haka ba ɗaci zai bi miyar har ƙarshe.

Yanzu naman kaza. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, kuma idan ɗanye kika watsa shi cikin miya, duk ruwan nan a romonki zai ƙare. Ina kyautata zaton yana cikin abin da ya tsinka miki naki. Nemi mai ruwan ƙasa-ƙasa, ya ɗan fi farin ɗanɗano duk da asalinsu iri ɗaya ne. Ɗauraye shi da sauri ki tsane, ƙanana ki bar su ɗungum, manya ki raba biyu ko huɗu, kada ki yi musu yankan siriri su ɓace. Soya su a kasko daban da ɗan mai ko bota da ɗan gishiri. Za su fara fitar da ruwa har kaskon ya cika, ki bar su a wuta mai ƙarfi har ruwan ya ƙafe, ki ji ƙarar ta sauya daga ta tafasa zuwa ta suya. Daga nan ne za su fara ja. Wajen minti 10 ke nan. Ajiye su gefe, sai saura minti 40 a sauke za su shiga. Idan kina son miyar ta yi zurfin ɗanɗano, sayi busasshen naman kaza giram 15, jiƙa shi a ruwan zafi na minti 20, ki tace ruwan da kyau saboda yashi, ki haɗa da romonki. Wannan ɗan abin yana yin aikin da kuɗinsa bai kai ba. Na gwangwani kuwa maneji ne kawai, a wanke, a tsane, a soya.

Gargaɗi ɗaya ba na wasa ba. Lokacin kaka za ki ga ire-irensa sun fito a gindin bishiyoyi a wuraren shaƙatawa na Ingila. Kada ki tsinka, kada ki bar yara su tsinka. Akwai mai dafin da ke lalata hanta, yana kama da wanda ake ci, kuma dahuwa ba ta kashe dafinsa. Na kanti kawai.

Koma tukunyar naman. Rage wuta, zuba albasa da seleri, ki bar su minti 10 har albasar ta yi laushi ta fara ja. Ruwan da ta fitar zai taimaka miki ki kankare ƙanzon da cokalin katako. Sa tafarnuwa, sannan tumatirin, ki soya shi minti 2 har jansa ya yi duhu. Barbaɗa fulawar ki juya minti 1. Da yawa cikin Turawan suna birkiɗa ɗanyen naman ne cikin fulawa kafin suya, ni ban so, fulawar kan riga naman ƙonewa. Sai ki riƙa zuba romon kaɗan-kaɗan kina juyawa don kada ya yi gudaji. Mayar da naman tare da duk ruwan da ya tsatso a faranti, sa ganyen bey da tayim da masoro. Ruwan ya tsaya daidai kan naman, har wasu yankan su ɗan leƙo. Idan ya shanye su ya haura, ya yi yawa. Ba farfesu ba ne.

Batun giya. Gaskiya ne a Ingila da Ailan sukan zuba baƙar giya, Faransawa kuma jar giyar inabi. Kuma kada wani ya ce miki ai duk tana ƙonewa a wuta. Tana raguwa sosai, amma ko bayan awa biyu da rabi ana dahuwa akan samu saura. Ba kya buƙatarta. Abin da take kawowa duhun launi ne, da ɗan ɗaci, ɗan zaƙi da ɗan tsami, kuma duk ana samunsu ta wata hanya. Suyar nama da ta tumatir sun ba ki launi, albasa ta ba ki zaƙi. Don tsami da gardi, zuba babban cokali 1 na ruwan miyar nan ta Lea & Perrins da ake yi a garin Worcester tun wajen 1837. Idan kin karanta jikin kwalbar za ki ga akwai tsamiya a ciki, da ƙananan kifi da ruwan kal. Don haka idan babu ita, jiƙa tsamiya ki zuba babban cokali 1 na ruwanta mai kauri, ki daka daddawa ɗan mitsitsi, abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba, ki haɗa. Kada ta yi yawan da za a ji ta, don za ta karkatar da miyar zuwa wani gari daban. Romon kuma, idan mahaucinki zai ba ki ƙashi mai ɓargo ki gasa ki dafa, babu kamarsa. Idan dunƙule za ki jiƙa, to ja hannu da gishiri sai ƙarshe, don ruwan zai tsotse, gishirin ya fito.

Idan kina da obin, shi ya fi, don zafinsa ta kowane gefe yake zuwa, gindi ba ya kamawa. Bari tukunyar ta fara tafasa a kan risho, rufe, sa a digiri 160, ko 140 idan mai fanka ne, awa biyu da rabi zuwa uku. A kan gas kuwa, ɗora a ƙaramin kai, wuta can ƙasa, yadda za ki ga kumfa ɗaya nan, ɗaya can, tana ɓullowa jefi-jefi, ki riƙa juyawa duk rabin awa. Karas ki yanka shi manya, ya shiga bayan awa ɗaya da rabi, in ba haka ba zai dame. Agogo jagora ne kawai. Ɗauki yanka ɗaya ki danna da bayan cokali, idan ya buɗe ba gardama ya yi. Kada kuma ki wuce nan da nisa, naman da ya zarce yakan koma zare-zare, bushe a baki duk da yana cikin romo. Kwashe maiƙon da ya taso, ɗanɗana, gyara gishiri, idan kin ji miyar ta yi nauyi ɗiga mata ƙaramin cokali na ruwan kal ko lemun tsami. Mai tukunyar firesha, wadda ke kulle tururi a ciki, minti 40 ya ishe ta, sai dai ta rage ruwan, kuma curin ba a yin sa a ƙarƙashin firesha, sai an buɗe an koma murfi na yau da kullum.

To, curin. Cire ɗanwake daga ranki, don shi ne ke yaudarar hannunmu. Ɗanwake danƙo da santsi ake nema a jikinsa, a jefa shi a ruwa mai ɓararraka. Wannan kuwa so ake ya tashi ya yi sakayau, cikinsa huhu-huhu, kuma tururi ne ke dafa shi. Asalinsa abincin talaka ne, dabarar cika ciki da fulawa da kitse a gidan da nama bai isa kowa ba, kuma a Birtaniya sai a 1954 aka daina rabon nama da kati bayan yaƙin duniya na biyu, don haka tsofaffinsu da shi suka girma.

Ƙa'idarsa ba ta da wuyar riƙewa: fulawa biyu, kitse ɗaya. Fulawa mai tashi da kanta giram 200, kitse giram 100, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan sanyi mililita 120 zuwa 150. Irin wannan fulawar, wadda wani mai gidan burodi a Bristol, Henry Jones, ya ƙirƙira a 1845, tana kowane kanti a inda kike. Idan ta yau da kullum ce a hannunki, ƙara mata bekin fauda ƙaramin cokali 2 da rabi. Gwada hodar tukuna, ɗan kaɗan a ruwan zafi. Idan ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu, kuma da matacciyar hoda ko mala'ika ne ya kwaɓa ba zai tashi ba.

Kitsen ba kowanne ba. Kitsen da ke lulluɓe da ƙoda ake so, fari, mai tauri, mai marmashewa a hannu. Sirrinsa shi ne ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 45 zuwa 50. Kafin ya narke kwaɓin ya riga ya fara tashi ya kama jikinsa, sai kowane ɗan ƙwayar kitse ya narke ya bar rami a gurbinsa. Ramukan nan su ne laushin. Tambayi mahaucinki na halal, sau da yawa ba ya ma ɗaukarsa a bakin komai. Ɓare tantanin, sa a firiza rabin awa, goga a magogi ta manyan ƙofofi, barbaɗa masa ɗan fulawa kada ya manne. Akwai kuma na kwali, Atora, wanda a garin da kike zaune aka fara yin sa a 1893, wani Bafaranshe Gabriel Hugon ya kafa. Suna da na kitsen shanu, suna da na man tsirrai. Idan ba ki ga shaidar halal a jikin na farkon ba, ɗauki na biyun, yana yi lafiya lau. Bota mai sanyi ƙarara da aka goga ita ma tana yi, sai dai tana saurin narkewa, curin zai ɗan fi nauyi. Man gyaɗa ko narkakken kitse kuwa a'a, da su ne ake samun abin da kika samu.

Kada ki kwaɓa sai miyar ta gama dahuwa, don hodar tana jin ruwa take fara aiki. Haɗa busassun kayan, ki ƙara yankakken fasli ko tayim in kina so. Zuba ruwan kaɗan-kaɗan kina juyawa da wuƙar tebur, ba da tafin hannu ba, zafin hannu na narkar da kitse. Da ya haɗe ya zama kwaɓi mai laushi, mai ɗan mannewa a yatsa, tsaya. Kada ki murza, kada ki buga, ba burodi ba ne. Murza na tayar da danƙon alkama, shi ne ke mayar da shi roba. Ko kin ga bai yi sumul ba, haka ake so. Shafa fulawa a hannu, raba 12, mulmula sama-sama ba tare da matsewa ba.

Kafin ki jera su, dubi romon. Curin zai sha, zai kuma ƙara masa kauri, don haka idan ya riga ya yi kirtif ƙara ruwan zafi kamar rabin kofi. Ya kasance yana tafasa a hankali. Ɗora su a kan naman, rabi a ruwa rabi a waje, da tazara, don sai sun kusa ninka girmansu. Kada ki danna su ciki. Rufe ruf, ki duba agogo: minti 20. A cikin mintunan nan ko yaro ya zo yana a buɗe ya gani, kada ki ɗaga murfin. Tururin na fita, zafin saman ya faɗi, curin da ya fara tashi ya koma ya kwanta, ba ya kuma sake tashi. Idan kina da murfin gilashi yi amfani da shi, ki sha kallonki. Wuta ta yi yawa su farfashe su dame miyar, ta yi kaɗan su jiƙe su yi nauyi. Bayan minti 20 ciro ɗaya ki tsaga. Cikinsa ya zama a bushe mai ƙananan ramuka. Idan tsakiyar na da danshi tana sheƙi, mayar ki ƙara minti 5. Masu son saman ya yi ɓawo sai su cire murfin, su ɗaga obin zuwa digiri 200 na minti 10. Ni haka na fi so, sama ƙamas-ƙamas, ƙasa ya sha romo, amma na makaranta da yaranki suka ci mai yiwuwa mai laushin ne, fara da shi.

Turawan da dakakken dankali da kabeji ko koren wake suke ci. A ganina curin ya wadatar, ganye kawai za ki ƙara. Bakinmu zai ji miyar salam ba yaji. Na fi son a bar ta yadda take a ajiye yaji a tebur, amma idan maigida ba zai iya ba, jefa attarugu ɗaya ɗungum ba tare da kin fasa ba, ki cire kafin ki sa curin.

Ga masu karatu a Kano ko Damagaram da za su gwada: shanunmu masu tafiyar kiwo ne, kitsensu kaɗan, kuma yankan safe ake sayarwa, ba a ajiye naman kwanaki ya saki kamar yadda ake yi a Turai. A ƙara rabin awa zuwa awa ɗaya, a ajiye ruwan zafi kusa don ƙari. A kan gawayi, a rage garwashin bayan suya, a bar kaɗan. Kitsen ƙoda kuwa ya fi sauƙin samu a wurin mahautanmu fiye da can.

Miyar ta fi daɗi idan ta kwana, don haka kina iya dafa ta yau, gobe ki ɗumama ki yi curin sabo. Idan ta yi saura, kwashe curin daban don kada ya shanye romon, sa a firij kafin awa biyu, a cinye cikin kwana biyu. Wadda za ta shiga firiza ta shiga ba curi, ranar da za a ci a kwaɓa wani, minti biyar ne aikinsa.